FASHIN BAƘI: Ribar da birni ke nema idan ya karɓi baƙuncin babbar gasar wasanni

A watan Nuwamban 2025 aka tabbatar wa birnin Ahmedabad na Indiya damar shirya Wasannin Ƙasashe Renon Ingila na 2030, bayan ya kayar da Abuja. Wannan ne karo na biyu da Abuja ta rasa wannan dama, domin a 2007 ma Glasgow ta doke ta a neman wasannin 2014. Ganin cewa nahiyar Afirka ba ta taɓa shirya gasar ba, da wuya Najeriya ta haƙura. Ya kamata 'yan ƙasa su fahimci lissafin kafin a sake shiga takara da kuɗinsu.

Hujjar masu goyon baya

Masu goyon baya sun dogara ne kan abubuwa uku: ayyukan yi a lokacin gine-gine, kuɗin da baƙi ke kashewa a otal-otal da sufuri da wuraren cin abinci, sai kuma ababen more rayuwa da ke zama bayan an watse.

Na ukun shi ya fi nauyi. Gasa tana zuwa da ranar da ba a ɗagawa, don haka aikin da gwamnati za ta ja shekara goma tana yi sai ta gama shi a kan lokaci. Barcelona ta Sifaniya ta yi amfani da wasannin Olamfik na 1992 wajen gina hanyoyin da suka kewaye birnin, da faɗaɗa filin jirgin sama, da mayar da gaɓar teku mai cike da tsofaffin masana'antu wurin shaƙatawa. Mafi yawan kuɗin a jikin birnin ya tafi, filayen wasa suka ɗauki kaɗan.

Los Angeles ta bi wata hanyar a 1984. Ta yi amfani da filayen da take da su, ta jingina da kuɗin kamfanoni da na talabijin, aka tashi da rarar sama da dala miliyan 200.

Inda lissafin ke karyewa

Kuɗin baƙi ba ya kai yadda ake zuzuta shi. Abin da mazaunin gari ya kashe a tikiti kuɗi ne da dama zai kashe a wani wuri cikin garin, kuma wasu matafiyan kan ƙaurace saboda cunkoso da tsadar masauki. A manyan gasanni, kaso mai tsoka na kuɗin talabijin da na talla yana shiga asusun hukumar da ta mallaki gasar, alhali nauyin gini da tsaro yana kan mai masauki.

Sai kuma tashin farashi. Montreal ta Kanada ba ta gama biyan bashin Olamfik na 1976 ba sai a 2006. A 2023 jihar Victoria ta Ostireliya ta janye daga shirya Wasannin Ƙasashe Renon Ingila na 2026, tana mai cewa kuɗin da aka ƙiyasta kan dalar Ostireliya biliyan 2.6 ya haura biliyan 6. Ta biya diyyar miliyan 380 a kan gasar da ba ta yi ba.

Abin da Abuja ta riga ta gani

Wasannin Afirka na 2003 sun bar wa Abuja abubuwa biyu. Rukunin gidajen da aka sauke 'yan wasa ya zama unguwar da mutane ke zaune a ciki har yau. Babban filin wasa na ƙasa kuwa, mai ɗaukar mutum kusan 60,000, ya lalace har sai da Aliko Dangote ya ɗauki nauyin gyaran ciyawarsa, kuma a 'yan shekarun nan Super Eagles sun fi buga wasanninsu na gida a Uyo. Gidajen sun samu masu buƙatar su kullum, filin kuma bai samu kuɗin kulawa ba.

Don haka duk ranar da aka sake ɗauko maganar, akwai bayanan da ya wajaba gwamnati ta wallafa kafin ta miƙa takardar neman gasar: filaye nawa ne sababbi, wane ne zai biya idan farashi ya tashi, nawa za a ranto, kuma daga wane asusu za a riƙa kula da gine-ginen. Matasan da ake yi wa alƙawarin ayyukan yi su ne dai za su biya bashin ta hanyar haraji.