Mudun Wa Za a Auna Al'ada da Shi?

Marubucin tarihin nan na Girka, Hirodotus, wanda ya rayu wajen shekara 450 kafin haihuwar Almasihu, ya kawo labarin wani gwaji da Dariyus Sarkin Farisa ya yi a fadarsa. Sarkin ya kira Girkawan da ke wurin, ya tambaye su nawa zai ba su su ci gawar iyayensu. Suka ce ko duniya zai ba su ba za su yi ba. Sai ya sa aka shigo da wasu mutanen Indiya waɗanda cin gawar iyaye al'adarsu ce. Tafinta na fassara wa Girkawa, ya tambayi baƙin nawa zai ba su su ƙona gawar iyayensu kamar yadda Girkawa ke yi. Suka ɗauki kururuwa, suka roƙe shi ya bar wannan mugun zance.

Tun daga lokacin ake kafa hujja da wannan labari a ce daidai da kuskure ba su wuce sabo ba. Mu ma mukan ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Sai dai karin maganar halin mutane kawai take bayyanawa. Aƙidar da ake magana a kanta ta wuce nan, hukunci take yankewa: wai babu wani ma'auni da ke sama da al'adu, abin da jama'a suka yarda da shi shi ne daidai a wurinsu, kuma ɗan waje ba shi da bakin cewa sun yi laifi.

Waɗanda suka raya wannan ra'ayi a ƙarni na 20 ba 'yan iska ba ne, ya kamata a ba su haƙƙinsu. Franz Boas, Bajamushen da ya koma Amurka ya koyar a Jami'ar Kolambiya, ya taso ne a zamanin da Turawa ke jera jinsunan mutane hawa-hawa, su a sama, baƙar fata a ƙasa, suna kiran abin ilimi. Shi da ɗalibansa, irin su Ruth Benedict mai littafin Patterns of Culture na 1934, suka ce kafin ka zagi al'adar mutane ka zauna da su, ka ji harshensu, ka gane dalilinsu. Duk wanda kakanninsa suka ɗanɗana mulkin mallaka ya san darajar wannan magana. Inda aka samu tangarɗa shi ne lokacin da ƙa'idar bincike ta rikiɗe ta zama hukunci a kan gaskiya kanta.

An ga haka a 1947. Majalisar Ɗinkin Duniya na shirya kundin haƙƙin ɗan Adam, sai ƙungiyar masana al'adu ta Amurka ta aika mata da takarda, wadda Melville Herskovits, shi ma ɗalibin Boas, ya jagoranci rubutawa. Takardar ta nuna shakkar yadda kundi ɗaya zai hau kan kowa ba tare da ya zama ra'ayin Turai da Amurka zalla ba. Shekara biyu ke nan da 'yantar da sansanonin da 'yan Nazi suka hallaka miliyoyin mutane, ana kuma shari'ar waɗanda suka ce dokar ƙasarsu da umarnin manyansu suka bi. Cikin waɗanda suka tsaya kai da fata cewa haƙƙin mutum bai dogara da yardar gwamnati ko al'ada ba har da Charles Malik, Kirista ɗan Labanon. Ranar 10 ga Disamba 1948 ƙasashe 48 suka amince da kundin, 8 suka ƙaurace wa ƙuri'a, babu wadda ta ƙi.

Amsar farko da malaman Kirista ke ba wannan aƙida ta kowa da tasa gaskiyar gajera ce. Wanda ya ce babu gaskiyar da ta hau kan kowa, a tambaye shi ko wannan maganar tasa ta hau kan kowa. In ya ce e, ya rushe kansa. In ya ce a'a, to ra'ayin gidansu ne, ba dole a kan kowa. Hujjar tana da daɗi a muhawara, amma ba ta cika sauya zuciyar mutum ba, ni ma ba ita na fi ba nauyi ba.

Ta biyu ta fi zurfi, kuma daga Littafi Mai Tsarki aka ɗauko ta. A babi na 2 na wasiƙarsa zuwa ga Romawa, Manzo Bulus ya yi bayanin cewa al'ummar da ba ta taɓa jin Attaura ba takan aikata abin da Attaura ta umarta, domin akwai doka a zuciyar mutum, lamirinsa kuma yana tuhumarsa ko ya wanke shi. A ƙarni na 13 Toma Akwinas ya faɗaɗa wannan. A wurinsa Allah ya halicci mutum da hankalin da zai iya gane tushen alheri ko da wahayi bai iso gare shi ba: a kiyaye rai, a rena 'ya'ya, a nemi gaskiya, a zauna da jama'a ba cuta. Ya yarda cewa mugun sabo da son zuciya na iya dushe wannan sani a wurin al'umma guda, amma dushewar gani ba ta nufin babu abin gani. Da wannan ido malaman Kirista suke sake karanta labarin Dariyus. Me ya sa Girkawa suka ƙi, me ya sa Indiyawan suka yi kururuwa? Duka biyun suna tsoron wulaƙanta mahaifi ne. Hanyar girmamawa ce ta bambanta. Da sarkin ya tambayi kowane ɓangare nawa zai ba su su jefa wa karnuka gawar, da amsa ɗaya zai ji.

Wanda ya fi kowa kai wannan hujja kunnen talaka a zamaninmu shi ne C. S. Lewis, malami a Jami'ar Okisfod, wanda ya yi shekaru bai yarda da Allah ba kafin ya koma Kiristanci a 1931. A tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu ya yi jerin jawabai a rediyon BBC, waɗanda aka tara a littafin Mere Christianity a 1952. Bai fara da aya ba, da faɗan yau da kullum ya fara. A gwada abin a kasuwarmu. Mai bin bashi ya tare wanda yake bi a bakin rumfa: "Malam, kai da bakinka ka ce ranar Juma'a." Ba za ka taɓa jin wancan ya ce cika alkawari ra'ayinka ne, ni ba nawa ba ne. Zai sosa ƙeya ne ya ce, "Wallahi Alhaji kasuwar ce ta ƙi, ga yaro ba lafiya, ka ƙara mini mako guda." Uzuri yake kawowa, kuma ba a kawo uzuri sai ga dokar da aka yarda tana nan. A ƙarshen wani littafinsa na 1943, The Abolition of Man, Lewis ya jero koyarwar tsohuwar Masar da Babila da Indiya da Sin da Yahudawa da Romawa, ya nuna yadda suka haɗu kan hana kisa da ƙarya da cin amana, da umarni da tausayin maraya da girmama tsoho. Gargaɗinsa shi ne, in aka koya wa yara cewa duk wannan jin zuciya ne kawai, ba 'yanci za su samu ba. Masu ƙarfi ne za su zaɓa musu abin da za su so.

Hujja ta uku ita ce ta fi kama ni, domin tambaya take yi: in an ce "al'adarsu ce", su wa ake nufi? A ƙasar Kalaba a ƙarni na 19 an yi imani cewa ɗaya daga cikin tagwaye ɗan mugun iska ne, tun da kuma ba a san wanne ba, sai a hallaka duka biyun, sau da yawa a cusa su a tukunya a yar a daji, uwar kuma a kore ta daga gari. A daidai lokacin, a ƙasar Hausa murna ake yi, a raɗa musu Hassan da Husaini, mai bi musu a kira shi Gambo. Mary Slessor, 'yar Sikotlan da ta taso tana aikin masaƙa, ta iso Kalaba a 1876, ta shiga ƙasar Okoyong a 1888, ta ci gaba har rasuwarta a 1915 tana tsintar irin waɗannan jarirai tana renonsu a gidanta. Ba ita ta fara ba, 'yan mishan da suka riga ta da wasu sarakunan Efik na Kalaba sun soma yaƙar abin. To mai cewa kowa da tasa gaskiyar, me zai gaya wa uwar tagwayen? Ita ma 'yar wannan al'ada ce, ba a kuwa tambaye ta ba. Abin da ake kira ra'ayin al'umma sau da yawa ra'ayin masu iko da al'ummar ne.

Kuma in al'ada ce alƙalin ƙarshe, duk mai kawo gyara mai laifi ne. Martin Luther King ya fuskanci wannan a Afrilun 1963 yana kurkuku a Bamingham ta jihar Alabama, bayan limaman addini takwas, dukansu farare, sun soki zanga-zangarsa. A amsarsa ya jingina da malaman coci Agustin da Akwinas, cewa dokar da ta saɓa wa dokar Allah ba ta cancanci biyayya ba, ya kuma tuna musu cewa abin da Hitila ya yi a Jamus bisa dokar ƙasa ya yi shi. Cocin Katolika ta bi wannan layi a hukumance: a 1993 Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar da wasiƙar Veritatis Splendor, inda ya ce akwai ayyukan da mugunta ce a kansu ko da wace niyya aka yi su, irin su kisan ƙare dangi da azabtarwa da bautar da mutane. A Afrilun 2005, kwana guda kafin a zaɓe shi Fafaroma, Joseph Ratzinger ya yi huɗuba yana kwatanta aƙidar kowa da tasa gaskiyar da mulkin kama-karya.

Mai karatu Musulmi ba zai ji baƙon abu a nan ba. Binne 'ya'ya mata da rai al'ada ce a wasu kabilun Larabawa kafin Musulunci ya haramta ta, kuma malaman Mu'utazila da na Ash'ariyya sun daɗe suna muhawara kan ko hankali kaɗai na iya gane kyakkyawa da mummuna kafin zuwan wahayi.

Akwai ƙorafi mai nauyi a kan Kiristocin, ba kuma na wasa ba ne. Da sunan gaskiya ɗaya aka ci ƙasashe, aka ƙona gumakan mutane, aka hana kiɗa da sunayen gargajiya. Babbar ƙungiyar Baftis ta kudancin Amurka an kafa ta ne a 1845 saboda rikici kan mallakar bayi, tana bayan masu bayin, ba ta nemi gafara ba sai 1995. Cocin fararen Afirka ta Kudu mai tushen Holan ta nemo wa wariyar launin fata ayoyi, har ƙungiyar majami'un ɗariƙarta ta duniya ta dakatar da ita a 1982. Laifi tudu ne.

Amma a lura da abin da ake tuhumarsu da shi. Ba cewa ake yi sun saɓa wa al'adarsu ba, ai al'adar tasu suka bi. Cewa ake yi sun yi zalunci. A kasuwar hatsi mudun wani gari ya fi na wani, kowa ya sani, ba a faɗa a kan haka. Amma ranar da ka ce wane yana tauye mudu, ka riga ka yarda akwai cikakken mudu, kuma da shi za a auna naka buhun. A ganina hujjar Kiristoci ta fi ƙarfi a inda suka juya ta kan gidansu. A Disambar 1511, a tsibirin Hisfaniyola, wani limami mai suna Antonio de Montesinos ya hau mumbari gaban gwamna da manyan Sifaniyawa, ya ce musu suna cikin zunubi mai halakarwa saboda yadda suke kashe 'yan asalin ƙasar da aikin bauta. Bartolome de las Casas, wanda shi ma yana da irin waɗannan bayi, ya sake su a 1514 ya shafe sauran rayuwarsa yana kare su. Shi ɗin ma ya taɓa ba da shawarar a kawo bayi daga Afirka a madadinsu, daga baya ya rubuta nadamarsa.

Yarda da cewa gaskiya ɗaya ce bai sa aikin rarrabe doka da sabo ya zama mai sauƙi ba, kuma a Afirka an ga haka a kan auren mace fiye da ɗaya. Taron bishop-bishop na Angilika a Lambeth ya yanke a 1888 cewa ba za a yi wa mai mata da yawa baftisma ba muddin yana tare da su. Magidanta da dama suka saki mata domin shiga coci, matan da 'ya'yansu suka rasa madafa. A 1988, bisa matsin bishop-bishop na Afirka, taron ya sake zama kan batun. Bai janye koyarwarsa ta mace ɗaya ba, amma ya yarda a yi wa irin wannan magidanci baftisma tare da matansa da 'ya'yansa da suka ba da gaskiya, da sharaɗin ba zai ƙara aure ba muddin ɗaya daga cikin matan na raye, kuma jama'ar cocin wurin sun amince. Ya kuma hana a tilasta masa sakin ko ɗaya, saboda halin da za ta shiga in an kore ta.