Dashe Kamar Kai Amarya Ne

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, mai ɗan fili a bayan gida sai ya fara shirin dashen kabeji da latas da albasa, domin sanyi suke so. Da yawa sukan yafa iri ya tsiro shar, amma ranar dashe a tafka asara. Dalili kuwa, ana tumɓuke ɗan shuka kamar ciyawa, alhali amarya ce za a kai gidan miji.

Ba a kai yarinya sai ta isa. Kabeji yakan yi mako 4 zuwa 6 a inda aka yafa shi, har ya fitar da ganye 4 ko 5. Albasa kuwa sai ta kusa kaurin fensir. Idan ya rage mako guda, a rage musu ruwa kaɗan-kaɗan, a janye rumfar da ke kansu, su saba da rana tun suna gaban iyaye. Kafin nan an gyara ɗaki: an kafce fangali, an cuɗa shi da takin da ya ruɓe sosai, don ɗanyen taki yana ƙona saiwa.

Amarya ba ta tafiya hannu rabbana. Kayan ɗakin ɗan shuka shi ne dunƙulen ƙasar da ke manne da saiwarsa. A jiƙa wurin tukuna, a sa cokali ko tsinke daga ƙasa a ɗago shi, a riƙe ganye, kada a matse kara. Ƙananan jijiyoyin nan masu kama da gashi su ne bakin da yake shan ruwa da shi. In sun tsinke, ganye na ta zubar da ruwa, saiwa ba ta iya mayarwa. Shi ya sa ake kai shi da yamma, rana ta yi sanyi, ya samu dare guda ya huta. A danna ƙasa a gindinsa da yatsu, a ba shi ruwa nan take. A bar wa kabeji tazarar kamar santimita 45, kada maƙwabta su takura shi.

Washegari za ka same shi ya sunkuyar da kai. Kada hankalinka ya tashi, baƙunta ce. A kafa masa ɗan ganye ko kara ya tare rana, a shayar da shi safe da yamma. In ya fitar da sabon ganye a tsakiya, to ya zama ɗan gida.

Sai dai kada a yi jinkiri. Wanda ya bari sai Fabrairu, zafin Maris zai riske shi: latas ya miƙe ya yi fure ya yi ɗaci, kabeji ya ƙi naɗewa. Da sanyin safiya ake kama fara, don haka a dasa tun hazo na sama.