Harsashi Goma ko Talatin: Dokar da ke Bin Mai Bindiga Har Ɗaka a Amurka

A ranar 29 ga Maris, 2019, wani alƙalin kotun tarayya da ke San Diego, Roger Benitez, ya soke dokar jihar Kalifoniya wadda ta haramta mallakar gidan harsashi mai cin fiye da goma. Nan da nan labari ya bazu. Mutane suka shiga rububin saye, dillalan wasu jihohi suna ta aiko da kaya, har wasu kantuna suka wayi gari fayau. Mako guda ƙofar ta yi a buɗe, sannan alƙalin da kansa ya jingine hukuncin nasa zuwa a ji ɗaukaka ƙara. Har gobe masu bindiga a can suna kiran kwanakin nan makon 'yanci. Wanda ya saya a cikinsu an bar masa kayansa, shari'a na ta tafiya. Wanda ya makara da kwana ɗaya kuwa, in ya saya ya taka doka.

Abin da aka yi wa wannan rububin ɗan akwati ne na ƙarfe ko roba mai sifirin a ciki, wanda sojojinmu ke kira magazin. Shi ake cikawa a maƙala wa bindiga, in ya ƙare a zare a sa wani. Mai cin talatin bai fi dala goma sha wani abu ba. A ganina kan wannan ɗan akwatin ne rigimar take da nauyi, duk da cewa sunan bindigar AR-15 ya fi shi tashe a kanun labarai.

Mu nan idan aka ce bindigar yaƙi, AK-47 ke faɗo mana a rai, wadda in an danne kunama za ta yi ta aman wuta har harsashi ya ƙare. Irin wannan tuni Amurka ta ɗaure ta. Tun 1934 sai da rajista da haraji ake mallakarta, a 1986 kuma aka hana sayar wa farar hula sababbi, shi ya sa tsofaffin da suka rage ake cinikinsu kan dubban daloli masu yawa. AR-15 da ake cacar baki a kanta ƙanwar M16 ce ta sojan Amurka, zubi ɗaya, sai dai ita kowane danni harsashi ɗaya take fitarwa, sannan ta ɗura wa kanta na gaba. Haka mafi yawan ƙananan bindigogin da ake sayarwa yau suke aiki, haka ma wasu bindigogin farauta. To, ta yaya mai rubuta doka zai ware wadda yake son hanawa daga sauran?

Dokar tarayya ta 1994, wadda Sanata Dianne Feinstein ta jagoranta, Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu, ta bi ta kan siffa. Ta lissafa wasu bindigogi da sunansu, sannan ta ce duk doguwar bindiga mai ɗura kanta da ake zare wa gidan harsashi, in tana da biyu daga cikin abubuwa biyar, ta shiga haramci: gindi mai naɗewa ko zugewa, mariƙi irin na ƙaramar bindiga, wurin ɗaura banati, abin rage walƙiyar wuta a baki, da maharbin gurneti. Masu ƙera makamai suka karanta, suka cire wurin banati da abin rage walƙiya, suka sake wa bindigar suna suka mayar da ita kanti. Kamfanin Colt ya kira tasa Match Target. Harsashin bai sauya ba, saurin harbin bai ragu ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Dokar ta kuma hana ƙera gidan harsashi mai cin fiye da goma, amma ta bar wa kowa abin da ya riga ya mallaka, har da izinin sayarwa. Miliyoyi ke hannun jama'a a lokacin, sai kuɗinsu kawai ya hau. Da wa'adinta na shekara goma ya cika a Satumban 2004, majalisa ba ta sabunta ba. Binciken da Christopher Koper ya jagoranta wa Ma'aikatar Shari'a a wannan shekarar ya nuna tasirinta kan kashe-kashe ƙarami ne, mai wuyar aunawa. 'Yan siyasa kuma ba su manta abin da ya biyo bayan sa hannun ba: a zaɓen 1994 jam'iyyar Dimokurat ta rasa rinjaye a majalisa, har Kakaki Tom Foley ya faɗi a mazaɓarsa, Clinton da bakinsa ya ɗora wani kaso na faɗuwar kan ƙungiyar masu bindiga ta NRA.

Daga nan duk yunƙurin tarayya ya ci tura. Bayan kisan yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook a Disambar 2012, ƙudurin Feinstein ƙuri'a 40 ya samu a majalisar dattawa mai mutum 100. A Yulin 2022, bayan wani kisan a makarantar Uvalde, majalisar wakilai ta amince da wani da ƙuri'a 217 a kan 213, ya je dattawa ya kwanta. Sai jihohi suka ɗauki abin a hannunsu, kowace da irin tata. Kusan goma ne suka haramta bindigogin, waɗanda suka ƙayyade gidan harsashi sun ɗan fi haka.

Nan ne abin ke isa gidan mai bindiga, kuma nauyinsa ya danganta da amsar tambaya ɗaya: me za a yi da wanda ya riga ya saya?

Jihar Washington a 2023 ta hana saye da sayarwa da shigo da su, ta bar na hannu a hannu. Mai ita bai yi asarar komai ba sai damar ƙaro wata. Illinois, wadda ta yi tata dokar a Janairun 2023 bayan harbin kan mai uwa da wabi a garin Highland Park, ta ce ka riƙe abinka amma ka kai wa 'yan sandan jiha bayaninsa kafin 1 ga Janairu, 2024. Ga mai kallo daga nesa wannan ba wani abu ba ne, cike takarda ne kawai. Su kuwa masu bindigar Amurka babu abin da suke ƙyama kamar rajista, don a wajensu jerin sunaye ne da za a ɗauko ranar da aka tashi ƙwace. Shugabannin 'yan sandan gundumomi da yawa, waɗanda jama'a ke zaɓa, suka fito fili suka ce ba za su kama kowa kan wannan ba. A New York, bayan dokar 2013, bindigogi kimanin 44,000 aka yi wa rajista, adadin da kowa ya san ya yi ƙasa ƙwarai da abin da ke jihar. Sauran masu su suna zaune ne a matsayin masu laifi ba tare da sun harbi ko tsuntsu ba.

Kalifoniya ta ƙara da batun gado. Bindigar da aka yi wa rajista ba ta wucewa hannun ɗa a cikin jihar. In mai ita ya rasu, magada na da kwana 90 su fitar da ita, ko su sayar wa dillali mai lasisi, ko su lalata ta. Masu son kauce wa rajista kuma sai suka koma gyaran siffa: a maƙala wani fiffiken roba a bayan mariƙi don kada babban yatsa ya zagaya, a kafe gindin ya daina zugewa, shi ke nan ta halatta. Ta fi wuyar riƙo, ta fi muni, harbinta na nan yadda yake.

Dokar gidan harsashi ta fi wannan faɗi nesa ba kusa ba, don ta shafi mutanen da ba su taɓa riƙe AR-15 ba. Ƙaramar bindiga Glock 17 daga kamfani take zuwa da gida mai cin 17, Glock 19 mai cin 15. Su ne irin waɗanda mai shago ko matar da ke zaune ita kaɗai ke ajiyewa. A 2018 New Jersey ta sauke iyaka daga 15 zuwa 10, ta ba mutane kwana 180 su miƙa, ko su lalata, ko su sa a toshe rarar. Babu diyya. Wanda aka kama da shi bayan wa'adi na iya shan ɗaurin wata 18, kuma a dokar tarayya babban laifin da hukuncinsa kan iya haura shekara guda yana raba mutum da ikon mallakar bindiga. Abin da ka saya jiya da rasit, yau ya zama abin kai ka kurkuku. Haka wanda ya tuƙo mota daga Pennsylvania, inda babu iyaka, ya haye gada zuwa New Jersey: abin da ke cikin akwatinsa bai sauya ba, matsayinsa a gaban alƙali ya sauya.

Gaggawa ma ta yi nata ɓarnar. New York ta zartar da tata cikin kwana biyu, ta yanke iyaka bakwai, sai daga baya aka lura gida mai cin bakwai ba ya samuwa ga yawancin bindigogi, kuma an manta a ware 'yan sanda. Aka gyara aka ce ka sayi mai goma amma bakwai za ka zuba. Kotu ta soke wannan a ƙarshen 2013. A Colorado, iyakar 15 da aka sa a wannan shekarar ta sa kamfanin Magpul mai ƙera gidajen harsashi ya kwashe kayansa zuwa Wyoming da Texas, masu zaɓe kuma suka yi wa sanatocin jiha biyu kiranye.

Masu bindiga na da wata hujja da ba a iya tsallakewa. Alƙaluman hukumar FBI na 2019 sun nuna kisa 10,258 aka yi da bindiga. 6,368 da ƙanana, 364 da dogaye nau'in raifil kowace iri, sauran yawanci ba a fayyace irinsu ba. Fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a ƙasar kuma su suka harbe kansu, abin da harsashi ɗaya ya isar masa. Ƙungiyar masana'antar makamai ta ƙiyasta cewa irin su AR-15 sun haura miliyan 24. Suna tambaya: don me za a takura wa miliyoyi saboda kaso kaɗan?

Amma ni a nan nake rabuwa da su, rabin hanya. Kan batun banati da mariƙi ina tare da su, dokar ado ce. Kan gidan harsashi kuwa akwai Tucson. A Janairun 2011 wani ya harbi 'yar majalisa Gabrielle Giffords, ya kashe mutum shida da Glock mai gida mai cin 33. An danne shi ne a daidai lokacin da ya tsaya sauya gida. Da goma yake ci, da tsayuwar ta zo da wuri. Masu bindiga kan ce gwani na sauyawa cikin daƙiƙa biyu, gaskiya ne, a filin atisaye. Cibiyar bincike ta RAND, wadda ba ta cika saurin yanke hukunci ba, ta ce shaidar da ke akwai kan haramta bindigogin ba ta yanke komai ba, amma ta ga 'yar shaida cewa iyakance gidan harsashi na iya rage harbin kan mai uwa da wabi. Wato sashen da ya fi takura wa talakan mai bindiga shi ne kuma wanda ya fi alamar amfani, shi ya sa ba ni da saurin raina kukan kowane ɓangare.

Abin da ban ga dalilinsa ba shi ne ƙwace ba biya. Ostireliya ta saye bindigogi kusan 650,000 bayan kisan Port Arthur na 1996. New Zealand ta biya masu su bayan harin masallatan Christchurch na 2019 da ya ci rai 51, ta karɓi sama da 50,000. Gwamnatin da ta bar mutum ya sayi kaya bisa doka, in ta sauya ra'ayi, ita ya kamata ta ɗauki asarar.

Yanzu magana na hannun kotu. A 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙoli ta ce gyara na biyu na tsarin mulki ya ba ɗaiɗaikun mutane ikon riƙe makaman da jama'a suka saba amfani da su. A 2022, a shari'ar Bruen, ta ƙara da cewa dole dokar bindiga ta dace da abin da tarihin ƙasar ya gada. Kotunan ɗaukaka ƙara sun bar dokokin jihohi a tsaye, ciki har da ta Kalifoniya da alƙali Benitez ya soke, wadda aka tabbatar a Maris 2025. A Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar da aka kai kan dokar jihar Maryland da ta haramta irin su AR-15. Alƙalai uku sun so a saurara, huɗu ake buƙata, na huɗun kuwa, Brett Kavanaugh, ya rubuta cewa yana sa ran kotun za ta ɗauki batun AR-15 cikin zango ɗaya ko biyu masu zuwa.