Fiziks a Kan Allo da Fiziks a Hannu

A yawancin makarantunmu na sakandare, alli ne ke koyar da fiziks. Malam ya shigo, ya cika allo da lissafi, ɗalibai su kwafa su je su yi hadda. Kada a raina wannan hanya. Ba ta cin kuɗi, tana ɗaukar aji komai cikarsa, kuma babu mai haye jarrabawar WAEC ko NECO in bai iya juya lissafi ba. Dokar Ohm dai dole a rubuta ta a warware.

Sai dai na san inda ta gaza. Na yi shekara guda ina rubuta 9.8 a matsayin ƙaruwar gudun abin da ke faɗowa ƙasa, ina cin maki, alhali lambar ba ta ce mini komai ba.

Rannan wani malaminmu ya ɗaura dutse a zare mai tsawon mita ɗaya, ya rataye shi a ƙusar bakin ƙofa, ya ce mu ƙirga lilo 20 muna duban agogo. Daƙiƙa 40 muka samu, wato kowane zuwa da dawowa daƙiƙa biyu. Ya sauya dutsen da wanda ya fi nauyi. Har rantsuwa muka yi cewa zai fi sauri, amma ko gezau. Da ya rage zaren zuwa santimita 25, sai ga lokacin ya koma rabi. Daga waɗannan alƙaluma muka fito da abin da ya kusa 9.8 da hannunmu. Ashe halin lilon nan ne Galileo ya lura da shi a Italiya, shekaru ɗari huɗu da suka wuce.

Gwaji ma da tasa wahalar. Yana cin lokaci, kuma in aji ya cika, biyar ne ke taɓawa, saura 'yan kallo. Ga kuma halinmu: kayan gwajin na kulle a sito suna shan ƙura, sai jarrabawar gwaji ta matso a fito da su, yaro ya riƙe amita, wato ma'aunin lantarki, kamar ya riƙe kunama.

Duk da haka, ni a ganina hannu ya kamata ya riga alli. A bar yaro ya yi kuskuren hasashe tukuna, sannan a hau allo a nuna masa dalili. Malamai, in an ce babu kayan aiki, zare da dutse dai ba su yi wuya ba.