Ma'aunin Kujerar Yaro A Mota Yana Ga Kafaɗarsa

Duk wanda ya saba bin hanyar nan da ta tashi daga Kano, ta bi ta Janguza da Rimin Gado, ta ratsa ƙasar Kabo ta shiga Gwarzo, sa'an nan ta zarce Dayi cikin Jihar Katsina, ya san yadda ake ɗaukar yara a mota a wannan yanki. Jariri yana goye ko yana kan cinyar uwarsa, wansa yana tsaye tsakanin kujerun gaba yana leƙen hanya, manyan kuwa an cusa su a baya tare da kaya. Ranar kasuwar Getso, ko lokacin bukukuwan Salla, abin ya fi ƙarfin a faɗa.

A 'yan shekarun nan an fara ganin wasu daga cikin ma'aikata da malaman makaranta da 'yan kasuwa waɗanda Allah ya hore wa mota suna sayen ƙaramar kujerar nan ta yara mai ɗamara, yawanci daga cikin kayan gwanjo da ake shigowa da su daga ƙasashen waje. Lalle wannan abin yabo ne. Sai dai akwai tambaya guda wadda mai sayarwa bai cika iya amsa ta ba, watau yaushe ne yaro ya fi ƙarfin kujerar? Wasu iyaye shekaru suke ƙirgawa, wasu kuma ƙafafun yaron suke dubawa. Amsar kuwa tana ga tsawon gangar jikinsa, watau daga mazauninsa zuwa kafaɗarsa sa'ad da yake zaune.

ASALIN KUJERAR

Bel ɗin mota irin wanda muka sani yau, mai ratsa ƙirji da ƙugu, wani injiniya ne na kamfanin Volvo a ƙasar Suwidin, mai suna Nils Bohlin, ya ƙago shi a 1959. An yi shi ne bisa ƙirar jikin baligi. A 1964 wani masani ɗan ƙasar, Bertil Aldman, ya fito da kujerar jarirai mai juya wa gaban mota baya, bayan ya lura da yadda 'yan sama jannati suke kwanciya rigingine lokacin da kumbonsu zai tashi, domin nauyin ya watsu a bayansu duka.

Dalilin ware wa yaro kujera tasa a bayyane yake. Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a, in ta yi karo da abin da ba ya gusawa, bugun da na cikinta za su sha daidai yake da na wanda ya faɗo daga tsayin mita 10. A cikin wannan ƙiftawar ido nauyin jiki yakan ninka har wajen sau 30, watau yaro mai kilo 10 ya koma tamkar buhu shida na siminti. Babu uwar da hannunta zai iya riƙe wannan, komai son da take yi wa ɗanta. Daɗin daɗawa, kan jariri ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa, alhali na babba wajen kashi ɗaya cikin takwas ne, ga shi kuma ƙashin wuyansa bai yi ƙwari ba. Saboda haka aka yi wa kujerar ɗamara mai riƙo biyar: biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin cinyoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan kujera tana iya rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kashi 71 cikin 100.

A TAMBAYI TELA

Kowane tela a Gwarzo ko Kabo ya san wani abu game da jikin yara wanda ya shafi wannan magana. Idan aka kawo masa yara biyu ɗinkin Salla, ko da tsayinsu ɗaya, ba zai yanka musu yadi iri ɗaya ba sai ya auna riga daban, wando daban. Wani yaron ƙafa ce ta kwashe tsawonsa, wani kuwa gangar jiki ce. In aka zaunar da su kan tabarma ɗaya, sai a ga kafaɗar ɗaya ta ɗara ta ɗayan da faɗin yatsu biyu ko uku.

To, kujerar mota da riga take tafiya, babu ruwanta da wando. A jikin majinginarta akwai tsaga uku ko huɗu, wata bisa wata, inda ɗamarar kafaɗa take fitowa. A wasu kujerun kuma matashin kai ne ake ja sama ya tafi da ɗamarar. Yaro yana girma ana ɗaga ɗamarar daga wannan tsaga zuwa ta sama da ita, har a zo ta ƙarshe. Shi ya sa yaro mai doguwar ganga yake riga sa'ansa fita daga kujerar, wani lokaci da shekara guda ko fiye, ko da kuwa nauyinsa bai kai iyakar da aka rubuta a jikinta ba.

Ƙa'idar kuwa kashi biyu ce. Muddin kujerar tana fuskantar bayan mota, ɗamarar za ta fito daidai da kafaɗa ko ƙasa da ita kaɗan, domin in aka yi karo jikin yaron sama yake sulɓewa a kan majingina, ɗamarar ce ke danne shi. A wannan zama abin dubawa shi ne kansa: yawancin masu ƙera kujerun sun ce in abin da ya rage tsakanin tsakar kansa da bakin kujerar bai kai inci ɗaya ba, watau santimita biyu da rabi, to ya fi ƙarfinta. Matanmu sun san kwatankwacin wannan a wajen goyo, domin in zani bai rufe kafaɗar jariri ya tallafi ƙeyarsa ba, kan nasa sai ya riƙa lilo. Ƙafafu kuwa ba hujja ba ne. Yaro yana iya tanƙwashe su ya harɗe kamar yadda yake zama gaban malam a makarantar allo, ba abin da zai same shi.

Idan aka juya kujerar ta fuskanci gaba, sai ƙa'idar ta juya. Wajibi ne ɗamarar ta fito daidai da kafaɗa ko sama da ita kaɗan. In ta fito daga ƙasa ta hau kafaɗa ta sauko, to lokacin karo za ta danne yaron ƙasa ta matse masa ƙashin baya, kuma za ta bar shi ya tafi gaba fiye da kima har kansa ya bugi kujerar direba. Saboda haka ranar da kafaɗarsa ta haye tsaga ta ƙarshe, ko saman kunnuwansa ya wuce bakin majingina, aikin wannan kujera ya ƙare a kansa.

ABIN DA YA SHAFE MU MUSAMMAN

Har ila yau akwai dalilin da ya sa ƙirgen shekaru yake yaudarar iyaye a ƙasarmu fiye da ƙasashen da ake ƙera kujerun. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsayin da ya dace da shekarunsu ba, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Masana girman jiki sun lura cewa ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan cuta a ƙuruciya sun fi tauye ƙafa bisa ga ganga. Ashe ke nan yaron da ake gani gajere a tsaye yana iya kasancewa kafaɗarsa ta riga ta wuce tsaga a zaune. Haka kuma ɗan shekara bakwai, wanda littafin Turawa zai ce ya isa ya bar ɗamara, yana iya zama bai isa ba tukuna. Ko a Turai ma an daina dogara da nauyi kaɗai, domin ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 129, wadda ta fara aiki a 2013, da tsayin yaro take rarraba kujerun, kuma ta wajabta jariri ya fuskanci baya har ya cika wata 15.

Awon ba shi da wuya, ba ya kuma cin ko kwabo. A zaunar da yaron a ƙasa ya jingina da bango, a ɗora littafi ko allo a kan kafaɗarsa, a yi alama da gawayi, sa'an nan a ari tef ɗin tela a auna daga ƙasa zuwa alamar. A auna kujerar ita ma, daga mazauni zuwa tsaga ta ƙarshe. Bambancin da ke tsakani shi ne sauran kwanan kujerar. Wanda zai je kasuwa saye ya tafi da wannan awo a aljihunsa, kada ya biya kuɗin abin da ba zai yi masa wata shida ba. Ya kuma duba takardar da ke manne a jikinta, domin a nan ake rubuta iyakar nauyi da tsayi da shekarar ƙira. Masu ƙerawa sukan ba kujera wa'adin shekara 6 zuwa 10, zafin ranarmu kuwa ba ya raga wa roba. Wadda ta tsage, ko aka san ta taɓa shiga haɗari, a bar wa mai ita kayansa. Lokacin hunturu kuma a cire wa yaro rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaure shi, a lulluɓe shi daga sama, domin kaurin rigar yana ɓoye sakwarkwacewar ɗamara.

BAYAN ƊAMARA

Fita daga ɗamara ba ya nufin yaro ya isa bel ɗin manya. A nan ma gangar ce ke hukunci. In ta gaza, bel ɗin sama zai bi ta wuyansa, sai ya gaji ya tura shi ƙarƙashin hammata ko bayansa, na ƙasa kuwa zai hau kan cikinsa maimakon ƙashin ƙugu, wanda a lokacin karo yana iya fasa hanji ko ya karya baya. Maganin wannan shi ne matashin nan mai tauri da ake ɗora yaro a kai domin ƙara masa tsayi, har bel ya ratsa tsakiyar kafaɗa ya kwanta a saman cinyoyi. Matashin gado ba ya wannan aiki, sulɓewa yake yi. A Ingila doka ta ce sai yaro ya kai santimita 135 ko shekara 12 zai zauna babu irin wannan taimako, a Jamus kuwa santimita 150 ne.

Mun sani sarai cewa mafi yawan mutanen Gwarzo da Kabo ba su da motar kansu, a motar haya da babur suke tafiya, inda akan loda mutum huɗu a mazaunin uku. To, ko a nan akwai abin yi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta kuma fara tilasta ɗaura bel a watan Janairu na 2003, ta sha gargaɗi kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 12 ba a gaban mota. Kada kuma babba ya ɗora yaro a cinya ya ja bel ɗaya ya haɗa su, domin nauyinsa ne zai murƙushe yaron. Mai hali ya biya wa ɗansa kuɗin mazauni.

Muna kira ga wannan hukuma da shugabannin direbobi na tashoshinmu su haɗa kai da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomin biyu. Ranar rigakafi ana auna nauyin yara da tsayinsu a asibiti, me zai hana a ƙara da awon zama ga waɗanda iyayensu ke da mota, a kuma yi wa sauran bayani? Malamanmu sun koyar da mu cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi, 'ya'ya kuwa amana ce da za a tambaye mu a kanta. Allah ya kiyaye hanya, ya raya mana zuriya. Amin.