Kafin a Zargi Lasifika, a Auna Ɗakin



Da kaka, manomi a Dambatta, Bichi ko Makoɗa yakan sayar da gyaɗa, ya shiga kasuwar Sabon Gari a Kano ya sayo lasifika. A shago murya tana fita tas. In ya kunna ta a sabon ɗakinsa na bulo da kwano, sai gunji, ba a rarrabe kalma. Sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau, ɗakin ne ke ɓata su.

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. In ya bugi siminti, tayil ko kwano marar silin, dawowa yake yi ya cakuɗa da wanda ke fitowa. Ku lura da ɗakin da aka jibge buhunan gero da dawa: magana a cikinsa a natse take. Da bazara, in an kwashe buhunan, sai ya fara amsa-kuwwa.

Auna wannan abu ya samo asali a 1895, lokacin da Jami'ar Harvard a Amurka ta ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, gyaran wani zauren karatu. Kalma takan wuce daƙiƙa 5 tana yawo a cikinsa. Da dare, in gari ya yi tsit, shi da mataimakansa sukan ɗebo matasan kujeru daga wani zauren, a busa sauti, ya riƙe agogo yana ƙirga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya mutu. Duk sa'ad da aka ƙara matasai, lokacin sai ya ragu.

A yau makirfo na awo da kwamfuta ke wannan aiki. Manhajar REW, wadda kyauta ce, tana sakin sauti daga mafi kauri zuwa mafi siriri, makirfon yana ajiye daidai inda mai sauraro ke zama, sai ta zana inda ɗakin ke kumbura murya. Na'urar daidaita sauti tana iya rage wannan gunjin. Amsa-kuwwa kam sai da kaya masu laushi.

Wanda ba shi da kwamfuta, ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya tafa sau ɗaya da ƙarfi. In ƙarar ta ja wutsiya, a shimfiɗa darduma, a rataya labule mai kauri, a janye lasifikar daga kusurwa, a sake tafawa.

Abin ya fi damuna a masallatanmu. Dattijo a sahun baya ya ce ba ya jin huɗuba, sai a ƙara murya, alhali ƙarin muryar ƙara amsa-kuwwar yake yi. 'Yan kwamiti, ku rage murya, ku raba ƙananan lasifikoki a jikin bango kusa da mutane, sannan ɗayanku ya zauna a sahun ƙarshe ya saurara da kunnensa.