Wa Ke Magana da Yawun Ɗalibai a Makarantun Mafaza?

A ajujuwan makarantun Sudan akwai yaron da ake kira alfa, wanda a ƙasar Hausa muke ce wa monita. Malami ne ke naɗa shi. Aikinsa goge allo, ɗauko alli, da rubuta sunayen masu surutu idan malam ya fita. Amma in rufin aji yana yoyo, ko littattafai sun yi kaɗan, ko wani malami ya cika bulala, ba alfa ne zai kai kukan ba. Shi idon malami ne a cikin ɗalibai. Bakin ɗalibai a gaban malamai kuwa wani muƙami ne daban, kuma shi ne makarantu da yawa ba su da shi.

Wannan giɓi ya fi ciwo a gari irin Mafaza, da ke bakin kogin Rahad a jihar Gadarif. Hausawan wannan yanki jikokin mahajjata ne da kuma masu hijirar da suka biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas. Yaron irin waɗannan gidaje da Hausa yake tashi, da Larabci kuma yake karatu. Da damina baƙar laka kan datse hanyoyi. Da kaka girbin riɗi ba ya jira, domin in an yi jinkiri kwanso ya tsage, ƙwaya ta zube, sai a janye yara zuwa gona. Duk waɗannan abubuwa ɗalibi kan riga shugaban makaranta saninsu.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙara dagula lissafi. A watan Oktoban shekarar UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a Sudan. Da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati a Disamba, ɗimbin jama'a suka kwararo Gadarif, makarantu da dama suka koma masaukin 'yan gudun hijira. Ajin da aka sake buɗewa bayan irin wannan hutun dole ya haɗa ɗan gari da baƙo, da wanda ya manta karatu, da wanda ya rasa mahaifi. Malami ɗaya ba zai iya karanta zukatansu duka ba.

Sudan ba baƙuwa ba ce ga muryar ɗalibai. A 1931 ɗaliban Kwalejin Gordon a Khartum sun yi yajin karatu saboda gwamnatin mulkin mallaka ta rage albashin farko na waɗanda suka kammala daga fam 8 zuwa 5 da rabi. Bayan sasantawa aka tsaya a 6 da rabi. Ranar 21 ga Oktoban 1964 'yan sanda suka afka wa taron ɗaliban Jami'ar Khartum kan matsalar Kudancin Sudan, aka harbe ɗalibi Ahmad al-Ƙurashi, cikin 'yan makonni mulkin Janar Ibrahim Abbud ya ruguje. A Disambar 2018 'yan makaranta na sahun gaba a Atbara lokacin da farashin burodi ya tashi daga fam 1 zuwa 3, Gadarif ma ta bi sahu washegari. A ranar 29 ga Yulin 2019 aka harbe 'yan sakandare a El-Obeid suna zanga-zanga da kayan makaranta a jikinsu. Wannan tarihi abin alfahari ne, amma tsadarsa ta yi yawa, domin kusan kullum sai a kan titi ake jin ɗalibi, bayan tura ta kai bango.

Doka ta tanadi hanya mai sauƙi. Sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Sudan ta amince da ita a 1990, ya bai wa yaro damar faɗin ra'ayinsa kan abin da ya shafe shi, a kuma auna shi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Afirka ta Kudu ta mai da wannan aiki: dokar makarantunta ta 1996 ta wajabta majalisar wakilan ɗalibai a makarantun gwamnati masu aji na 8 zuwa sama, har da kujeru a hukumar gudanarwar makaranta.

Tsarin ba ya cin kuɗi. Kowane aji ya zaɓi wakilinsa da ƙuri'a. A tsayar da ranar zama da shugaban makaranta da majalisar iyaye. A rubuta koke-koke a littafi, a bayyana amsa a taron safe, ko da amsar ta zama "ba zai yiwu ba, ga dalili". Makarantun 'yan mata su sami irin wannan dama, yaran da yaƙi ya koro su ma a ba su kujera.

Wasu iyaye za su ce yaro bai san wuta ba sai ya taka, kuma ba shi baki zai zubar da girman malami. Tsoron yana da tushe, musamman ga wanda ya ga yadda jam'iyyun siyasa suka mai da ƙungiyar ɗaliban Jami'ar Khartum fagen kokawa tsakanin 'yan Ikhwan da 'yan kwaminis. Maganin shi ne iyaka bayyananniya: wakilin ɗalibai ba ya hukunta kowa, ba ya tallan jam'iyya, ba ya yanke shawarar ƙarshe. Nasa kawai ya isar da magana cikin ladabi, ya dawo da amsa. Shawara kuwa tsohuwar koyarwa ce a addininmu, kuma malamin da ya nemi jin ta bakin almajiransa bai rage komai daga darajarsa ba. Ya dai sami labarin wanda ya daina zuwa aji tun yana da sauran damar dawo da shi.